Yadda tudun ƙasa ke ba da labarin ƙauye: amsa a kan Jarmo ta ƙasar Kurdawa

Wani ƙanenmu ɗalibi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ga hoton wani tudu a yankin Kurdawan Iraƙi, an rubuta a ƙarƙashinsa wai nan ne ƙauyen manoma na farko a duniya, mai shekara 9,000. "Malam," in ji shi, "ni dai ban ga komai ba sai tudu da ciyawa da wasu ramuka. Ta yaya tudu ya zama ƙauye? Mutanen nan ba su bar rubutu ba, to wa ya gaya wa masu tonon cewa manoma ne, wa kuma ya ƙirga musu shekarun? Sannan da gaske shi ne na farko?"

Ƙanena, Allah ya ƙara basira. Irin wannan shakkar ake so ɗalibi ya riƙe, kada ya haɗiye duk abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto. Wurin da ka gani sunansa Jarmo, Kurdawan yankin suna cewa Carmo. Yana gabas da Kirkuk, kusa da garin Camcamal, a gindin duwatsun Zagros, kimanin mita 800 sama da teku. Bari mu fara da tudun kansa, don wanda ya gane yadda tudu ke tasowa ya gane rabin aikinmu.

Ka san gidan ƙasa. In aka yi shekara uku ko huɗu ba a yi masa yaɓe ba, damina za ta fara cin gindin katanga, azara ta ruɓe, wata rana soro ya rufta. Mai gida ba ya kwashe wannan ƙasa ya kai bayan gari, wahalar ta yi yawa kuma ba riba. Sai ya baje ta, ya daddaɓe, ya tayar da sabon ɗaki a kai. Daɓen sabon ɗakin ya ɗara na tsohon tsawo da kamu ɗaya ko biyu. Ga kuma toka da ake zubarwa kullum safiya, ga ƙashin nama, ga ƙaiƙayi, ga kashin awaki, ga karyayyun kayan aiki, duk suna taruwa a juji bayan ɗaki. Ɗa ya gaji uba, jika ya gaji ɗa, kowa ya yi yadda na gabansa ya yi. A kwana a tashi sai ka ga gari ya hau kan kansa. Larabawa suna kiran irin wannan tudu tal, Kurdawa su ce gird, Turkawa da Farisawa su ce tefe. Mafi shahara a ƙasar Kurdawa shi ne wanda tsohuwar ganuwar Irbil take zaune a kansa, ya tashi sama da mita 25 a tsakiyar birni, kuma duk ginin mutane ne a kan ginin mutane. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Mu ma muna da irinsu a baƙar ƙasar firgi da ke kudu da Tafkin Chadi. Graham Connah ya tona ɗaya daga ciki, Daima ta Borno, a 1965 da 1966, ya sami tarin zaman mutane mai zurfin fiye da mita 10.

Jarmo ƙarami ne idan aka gwada shi da Irbil. Faɗinsa hekta ɗaya ne da 'yan kai, zurfin tarin da mutane suka bari kimanin mita 7, a ciki aka ƙirga hawan gini goma sha wani abu. Wani rafi mai suna Cam Gawra ya daɗe yana zaizayar gefensa, har ya tafi da wani sashe na ƙauyen.

Ƙa'idar karanta tudu ba ta da wuyar faɗa: abin da ke ƙasa ya riga abin da ke sama. Aiki da ita ne ke sa gumi. Wani ya haƙa rami a tsakar gidansa don ajiye hatsi, ramin ya ratsa daɓen kakanninsa uku, sai kayan zamaninsa suka gangara suka zauna kusa da kayan da suka girme su da shekara ɗari biyu. Gafiya ta yi nata ramin. An haƙa kabari. Wata unguwa ta zama kango shekara hamsin ana zuba mata shara, alhali maƙwabciyarta ana zaune a ciki. Duk wannan sai mai tono ya bambance shi da ido da hannu.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne neman katangar ƙasa a cikin ƙasa. Mutanen Jarmo ba su yi tubali ba. Suna kwaɓa ƙasa da ciyawa su ɗora da hannu, su bar sahu ya sha rana sannan su ɗora wani, kusan yadda ake gina rumbu a ƙauyukanmu. A Iraƙi ana ce wa wannan gini tauf. To ka ga katangar ƙasa ce, abin da ya cika ɗakin ma ƙasar saman katangar ce da ta zubo. Launinsu kusan ɗaya. Na tuna ranar da na fara ganin katanga ta fito mini a wani tudu ina ɗalibi. Da sassafe ne, raɓa ba ta bushe ba, rana tana haskowa ta gefe. Na kankare wurin da bakin cokalin magini a hankali, sai ga wani layi siriri miƙaƙƙe, gefe ɗaya ƙasar ta ɗan fi ja da tauri, ɗaya gefen ta fi laushi, da ɗigon gawayi a ciki. Ƙarar cokalin ma tana canzawa in ka tsallaka layin. Da rana ta take, ƙasar ta bushe, layin ya ɓace kamar ba a taɓa ganinsa ba, sai da muka yayyafa ruwa ya dawo. A Iraƙi akwai mutanen garin Sharƙat da suka gaji wannan gwaninta tun daga iyayensu da suka yi aiki da Jamusawa a kufan birnin Ashur daga 1903 zuwa 1914. Shekara da shekaru duk wata babbar tawagar tono a ƙasar tana neman ma'aikatan Sharƙat. Sunan farfesa ake gani a bangon rahoto, amma katangu da yawa hannun waɗannan mutane ne ya fito da su, kuma ya kamata a riƙa faɗa.

Ka kuma riƙe wannan: tono ɓarna ne. Hawan da ka cire don ka ga na ƙarƙashinsa ya tafi ke nan har abada. Shi ya sa ake auna komai, a zana, a ɗauki hoto, a rubuta daga wane hawa da wane lungu kowane guntu ya fito. Wuƙar dutse da aka tsinta aka sa a aljihu ba tare da an rubuta mazauninta ba ta rasa kusan duk abin da za ta iya faɗa.

Yanzu ga wanda ya tona Jarmo da dalilinsa. Robert Braidwood ne, na Jami'ar Shikago a Amurka, tare da matarsa Linda, wadda ita ma masaniya ce, ta ƙware a kayan aikin dutse. Sun yi aiki a wurin a 1948, sai 1950 zuwa 1951, sai 1954 zuwa 1955. A wancan zamani yawancin masu zuwa Iraƙi fadojin sarakuna suke nema, da allunan rubutu, da zinariya irin ta kaburburan tsohon birnin Ur. Braidwood tambaya ya zo da ita. Masanin nan Gordon Childe ya riga ya nuna cewa komawar ɗan'adam daga farauta da tsintar 'ya'yan itace zuwa noma da kiwo ita ce babbar juyawa a tarihinsa, kuma yana ganin fari ne ya matse mutane da dabbobi a bakin ruwa har suka saba da juna. Braidwood ya ce a je a duba. A ganinsa, in kana neman inda aka fara noman alkama da kiwon akuya, to ka tafi inda alkamar daji ke tsirowa da kanta kuma akuyar daji ke hawan dutse, wato gangaren tsaunukan da ke samun ruwan sama isasshe ba sai an yi ban ruwa ba. A lokacin an san mazauna kogo, an kuma san ƙauyen Hassuna kusa da Mosul wanda Fu'ad Safar da Seton Lloyd suka tona a 1943 da 1944, inda mutane suka riga suka zama cikakkun manoma masu tukwane. Tsakanin biyun akwai wawakeken giɓi, shi Braidwood ya je cikewa.

Abin da ya sa nake girmama wannan aiki shi ne mutanen da ya ɗebo. Ya zo da Hans Helbaek ɗan Denmak, masanin tsirrai, da Charles Reed masanin dabbobi, da Herbert Wright masanin duwatsu da yanayin da. Yau wannan ya zama ruwan dare, ba mai fita tono babu irinsu. A wancan lokaci sabon abu ne. Kuma a nan amsar tambayarka ta biyu take, don shaidar noma a hannun waɗannan mutane ta fito.

An sami duwatsun niƙa da turame na dutse a Jarmo. An sami ƙananan wuƙaƙen dutsen ƙyastu da ake jerawa a jikin itace a liƙe da kwalta su zama lauje, bakinsu yana sheƙi irin wanda yankan kara ke bari. Mai gaggawa zai ce shi ke nan, manoma ne. Amma a'a. Wanda ke yankan alkamar daji ma yana buƙatar lauje da dutsen niƙa, kuma an sami irin waɗannan kaya a wuraren da suka girmi noma nesa ba kusa ba. Shaidar gaskiya tana jikin zangarniya.

Duk manomin gero a ƙasar Hausa ya san shibra, wadda ke fitowa a gona kamar gero, amma da ta nuna sai ta kakkaɓe 'ya'yanta ƙasa kafin ka zo girbi. Haka kowane hatsin daji yake, don da haka yake shuka kansa. Alkamar daji in ta nuna, zangarniyarta tana ɓallewa gaɓa-gaɓa, iska kaɗan ta isa ta watsar da ita. Amma jefi-jefi a cikin dubbai akan sami ƙwaya ɗaya mai wata tawaya, zangarniyarta ba ta ɓallewa. A daji wannan ba ta da rabo, 'ya'yanta ba sa kaiwa ƙasa da wuri. A hannun mai lauje kuwa ita ce ke jira a yanke ta a kai gida. In mutum ya ware iri daga abin da ya girbe ya shuka baɗi, to ya ƙara wa mai tawayar yawa ba tare da ya sani ba. Shekara bayan shekara har gona ta cika da alkamar da ba za ta iya yaɗuwa ba sai da hannun mutum. To ga abin da ake gani a madubi mai ƙara girman abu: ɗan guntun gaɓar zangarniya, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na daji inda ya rabu da ɗan'uwansa sumul yake, kamar inda busasshen ganye ya bar reshe. Na gida kuwa wurin a yage yake, kaca-kaca, don sai da aka yi sussuka aka karya shi da ƙarfi. Wannan ɗan tabo shi ne sa hannun manomi.

Ta yaya ƙaiƙayi zai kai shekara 9,000? Hanya biyu. Ko ya faɗa gefen murhu ya zama gawayi bai zama toka ba, gawayi kuwa ba ya ruɓewa. Ko kuma an kwaɓa shi cikin ƙasar gini ko daɓen tanderu, shi ya ruɓe amma ya bar hotonsa a jikin yumɓun. Daga waɗannan Helbaek ya gano alkama iri biyu na da, da sha'ir mai layi biyu, da adas da wasu dangin wake. Ya kuma lura hatsin Jarmo bai yi nisa da kakanninsa na daji ba, kamar an kama shi ne a kan hanya. Daga baya aka sami dabarar da ta sauya wannan fanni gaba ɗaya, kuma mai sauƙi ce ƙwarai. A zuba ƙasar tono a ruwa a motsa, ƙasa da tsakuwa su nutse, ƙonannun ƙwayoyi su taso sama a tace su. A tudun Ali Kosh na Iran, Frank Hole da Kent Flannery sun tona a 1961 suka ga kamar babu ragowar tsirrai sosai. Da suka koma a 1963 suka yi wannan wanki, sai ga ƙwayoyi fiye da 40,000. Suna nan tun farko, ido ne bai gan su ba.

Maganar dabbobi ta fi wuya, don ƙashin akuyar gida ta farko da na ta daji kusan ɗaya ne. Reed ya dubi ƙashin cikin ƙaho. Na bunsurun daji lanƙwasasshe ne kamar takobi, na gida kuwa sannu a hankali gefensa yana baje har daga baya ya fara murɗewa. Amma wannan canji yana ɗaukar zuriya masu yawa kafin ya bayyana. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce wadda Melinda Zeder da Brian Hesse suka fitar a shekarar 2000 daga ƙasusuwan Ganj Dare, wani ƙaramin tudu a yankin Kermansha na Kurdawan Iran. Kowane makiyayi zai gane ta nan take. Maharbi babban nama yake nema, don haka jujinsa cike yake da ƙashin manyan bunsuraye. Mai kiwo kuwa ba ya yanka uwar garke. 'Yan bunsuraye yake yankawa tun suna ƙanana, ya bar kaɗan don barbara, matan kuma su tsufa suna haihuwa. Ƙashi yana nuna shekaru, domin kawunan dogayen ƙasusuwa ba sa mannewa sai dabba ta kai wani girma, kuma na namiji ya fi na mace kauri. Da aka auna na Ganj Dare sai ga mazan an yanka su da ƙuruciya, matan sun daɗe. Kimanin shekara 10,000 ke nan. A wurin har sawun kofaton akuya aka samu a jikin tubali, ta taka shi tun yana ɗanye. Akuyar daji ba ta yawo a inda ake shanya tubali.

A Jarmo akuya ce kan gaba, akwai tumaki, aladen gida kuma sun bayyana a hawan sama. Cikin 'yan gumakan yumɓu akwai masu kama da kare da wutsiya a naɗe sama, wadda kerkeci ba ya yi. Amma kada ka ɗauka sun bar daji. Suna farautar barewa da aladen daji, suna tsintar fistashiyo da 'ya'yan itacen da Kurdawa ke kira beru, kuma sun ci dodon koɗi mai yawan gaske, ɓawonsa tuli-tuli a cikin juji. Ƙafa ɗaya a gona, ɗaya a daji. Wannan a wurina shi ne babban abin da Jarmo ya koyar. Ba wanda ya kwanta maharbi ya tashi manomi. Abu ne da ya ɗauki dubban shekaru, kuma waɗanda suke cikinsa ba su san suna canza duniya ba, abincin baɗi kawai suke tanadi.

Wani abin da ya girgiza masana a lokacin shi ne tukunya. An daɗe ana ɗauka noma da ginin tukwane tare suka zo. A Jarmo kashi biyu cikin uku na tudun, daga ƙasa, babu kasko ko ɗaya. Sai a hawan sama tukwane suka bayyana. Kafin nan da me suke aiki? Da akusan dutse da suka sassaƙa suka goge har suna sheƙi, da kwanduna da aka shafe cikinsu da kwalta don kada su yi yoyo, da wasu ramuka a daɓe da aka shafe da yumɓu aka ƙona. Kwalta ba ta yi musu wuya ba, ƙasar Kirkuk ce, tana tsattsafowa da kanta. Gidajensu masu kusurwa huɗu ne, da ƙananan ɗakuna da yawa, a wasu an shimfiɗa kara a ƙasa an yaɓe da laka, daga baya kuma suka fara sa harsashin dutse.

Sai baƙin dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi, wanda dutse mai aman wuta ke fitarwa, bakinsa ya fi reza kaifi. Babu shi a ko'ina kusa da Jarmo, amma an same shi da yawa a can. A shekarun 1960 Colin Renfrew da abokan aikinsa suka nuna cewa kowane dutse mai aman wuta yana da nasa haɗin sinadarai, kamar zanen yatsa. Da aka gwada sai aka ga na Jarmo daga gabashin Turkiyya ya fito, wajen Tafkin Wan, tafiyar da ta haura kilomita 400 ko da a miƙe ne, balle ta cikin tsaunuka. Ba lallai ba ne mutumin Jarmo ya taka har can. Ya fi kama da hannu zuwa hannu, ƙauye zuwa ƙauye. Ko ta yaya ne, mutanen nan suna da maƙwabta, suna da abin bayarwa da abin karɓa.

An kuma tara 'yan abubuwan yumɓu fiye da 5,000: dabbobi, mata a zaune, ƙananan dunƙule da masu tsini. A nan nake jan kunnen ɗalibaina. Da an ga siffar mace sai a ce allahiyar haihuwa ce, alhali yawancinsu a juji aka same su, a karye. Tana iya zama abin bauta, tana iya zama laya, tana iya zama 'yar tsanar yarinya. Ƙasa ta ba mu siffar, ba ta ba mu abin da ke zuciyar mai yin ta ba. Haka ma lissafin da za ka gani ko'ina cewa gida 25 ne da mutum 150. Kiyasin Braidwood ne, daga faɗin wurin da yawan mutanen ƙauyukan yankin a zamaninsa. Kiyasi ne mai ma'ana, amma ba daidai yake da tabon zangarniya ba wajen ƙarfi, kuma ɗalibi nagari yana bambance hujja da kiyasi.

Shekaru kuma fa? An yi sa'a, a Jami'ar Shikago ɗin nan ce Willard Libby ya ƙirƙiro gwajin kabon 14 a ƙarshen shekarun 1940, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1960. Duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari muddin yana raye. Da ya mutu sai ya daina, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabi a duk shekara 5,730. In ka auna abin da ya saura a gawayi ko ƙashi ka san yaushe mai shi ya mutu. Samfuran Jarmo suna cikin na farko-farko da aka gwada, kuma sun ba da ciwon kai. Sakamakon ya warwatsu, tsakanin wani da wani dubban shekaru, a ƙauyen da kowa ya ga bai yi wannan daɗewar ba. Da farko Braidwood ya tsaya a wajen 4750 kafin Miladiyya, daga baya ya koma wajen 6750. Dalilan irin wannan ruɗani sanannu ne. Kwalta tsohuwa ce ƙwarai, kabon 14 ɗinta ya ƙare tuntuni, in ta taɓa samfur sai ta tsufar da shi. Saiwar ciyawa da ruwan da ke tsiyayowa daga sama kuma su mayar da shi yaro. Gungumen da aka ƙona ma yana iya girmar wutar da shekara ɗari. Yanzu abin ya gyaru sosai. Ana iya gwada ƙwayar alkama ɗaya tak, wadda aka san shekara ɗaya ta yi a duniya, sannan a daidaita sakamakon da zoben cikin itatuwa da aka ƙirga shekara-shekara. Da wannan, da kuma gwada kayan Jarmo da na wuraren da aka fi tabbatar da shekarunsu, aka zauna a kan wajen 7000 kafin Miladiyya. Don haka shekara 9,000 da ka gani a hoton daidai ne.

Amma "na farko a duniya" ba daidai ba ne, ko da yake an taɓa faɗar haka. Tun Braidwood yana Jarmo, Kathleen Kenyon ta fara tona Ariha, wato Yariko ta Falasɗinu, a 1952, ta ci karo da ganuwa da hasumiyar dutse mai tsawon mita 8 da rabi waɗanda suka girmi Jarmo da kimanin shekara 1,000. An yi ta muhawara tsakaninsu a mujallu. Shi kansa Braidwood ya ci gaba da neman wanda ya girmi Jarmo. Juyin mulkin 1958 ya hana shi komawa Iraƙi, sai ya yi aiki a Kermansha, daga nan ya haɗu da Halet Cambel ta Jami'ar Istanbul suka fara tona Cayonu kusa da Diyarbakir a 1964, ƙauyen da ya girmi Jarmo kuma ya fi shi tsari. A binciken share fage da suka yi a 1963 wani ɗan tawagarsu ya bi ta kan wani tudu kusa da Urfa, ya ga fasassun duwatsu ya ɗauka alamun kaburbura ne na baya-bayan nan. Wannan tudu shi ne Gobekli Tefe, inda Klaus Schmidt ya fara tono a 1995 ya fito da manyan ginshiƙan dutse masu zanen dabbobi, na wajen 9500 kafin Miladiyya. A 1997 kuma gwajin ƙwayoyin gado ya nuna cewa ɗaya daga cikin alkamun farko ta fi kusanci da ta dajin da ke tsaunin Karajada, nan kusa da Diyarbakir. To ka ga hasashen Braidwood na a nemi asalin noma a gangaren tsaunuka bai faɗi ƙasa banza ba. Abin da aka gyara shi ne tunanin cewa akwai wuri guda da ya riga kowa. Yankuna da dama ne suka yi ta gwaji lokaci ɗaya, suna musayar iri da dabbobi da dabaru. Cikakken rahoton Jarmo sai a 1983 ya fito. Robert da Linda kuwa rana ɗaya suka rasu, 15 ga Janairun 2003.

Bayan tafiyarsu yankin ya shiga shekarun yaƙi. A 1988, lokacin farmakin Anfal na gwamnatin Saddam Husaini, an rushe ƙauyukan Kurdawa masu ɗimbin yawa, kuma ƙasar Camcamal tana cikin inda abin ya fi muni. Jikokin mutanen da suka ɗauki kwandon ƙasa a Jarmo suna cikin waɗanda wannan bala'i ya faɗa wa, kuma ba na son a yi maganar tudun a manta da su. Wasu tuddan kuma ruwa ya ci, kamar Shimshara da tafkin madatsar Dokan ke zaizaya. Sai wajen 2010 aikin tono ya farfaɗo, wannan karon tare da hukumomin kayan tarihi na Sulaimaniyya da Irbil da masana Kurdawa. Jason Ur na Jami'ar Harvard ya yi amfani da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na leƙen asirin Amurka, na shekarun 1960, ya gano ɗaruruwan kufai a filin Irbil yadda suke kafin garmar tarakta da sababbin unguwanni su taɓa su. Wata tawagar Jami'ar Tsukuba ta Japan ta koma Jarmo kansa da kayan aikin zamani.

In kana son ka bi wani aiki na baya-bayan nan, ka nemi labarin Bestansur, a filin Shahrazur kudu maso gabas da Sulaimaniyya, inda Roger da Wendy Matthews na Jami'ar Reading ta Ingila suka fara aiki a 2012. Ƙauye ne a bakin wata maɓuɓɓuga, ya girmi Jarmo da 'yan ɗaruruwan shekaru. Wendy tana yanko ɗan guntun daɓe, a daskarar da shi, a fere shi siriri har haske ya ratsa, sai ta ƙirga sau nawa aka sake shafe ɗakin, ta ga ina aka shimfiɗa tabarma, ina aka ɗaure dabba. A ƙarƙashin daɓen wani babban gini guda sun sami ƙasusuwan mutum fiye da 60, da yawansu jarirai da ƙananan yara, an binne su da duwatsun ado da ƙwayoyin wuri irin na teku, alhali teku tana can nesa da ɗaruruwan kilomita.